Yadda ake buga katin talla kowane kwastoma da sunansa

Ana saura sati 4 ƙaramar Sallah wata Hajiya mai shagon atamfa da leshi a wajen Terminus nan Jos ta shigo shagona tace in buga mata fulaya 5,000, yara su tsaya Ahmadu Bello Way su raba wa masu wucewa. Nace Hajiya, na bara da muka buga fa, mutum nawa suka shigo miki da ita a hannu? Tayi shiru, can tace ɗana gaskiya ban ga kowa ba. Ni kuwa na san inda suka ƙare, na gansu a kwata bayan an ɗauke ruwa, wasu kuma an naɗe ƙosai da su. Sai na tambaye ta ko tana da littafin da take rubuta masu saye a wajenta, tace har guda 3 ma. Nace toh Hajiya kawo su, a cikinsu kuɗinki yake. Abinda muka yi mata kati ne 240, kowanne da sunan mai shi da maganar irin kayan da ya saba saye, kuma shine aikin da zan warware anan tun daga littafi har kati ya shiga hannun kwastoma, saboda na lura yara masu dizayin da yawa a garin nan suna gudun irin wannan aiki, suna zaton sai mutum ya zauna ya buga suna ɗaya bayan ɗaya har gari ya waye. Dizayin ɗaya kake yi, kwamfuta ce ke zuba sunayen.

Da farko ka san injin da zai iya. Kord da sauran injinan ofset, wato manyan injinan buga takardu da yawa, filet suke bi, wani faranti da ake ƙona dizayin a kansa, abinda aka ƙona a filet shi zai yi ta fitowa ko sau dubu goma ne, ba ya canza suna daga wannan takarda zuwa waccan. Sai injin dijital, wanda muke ce wa DI, irin su Konica Minolta ɗin nan da suka cika shagunan buga takardu, ko ma firintar laser ta ofis idan aikin baƙi da fari ne. Kowace takarda ta fi tsada a DI, shiyasa aikin nan ba a yinsa don kowa da kowa, na mutanen da suka riga suka san ƙofar shagonka ne.

Mataki na gaba shine izini, kuma don Allah kar ka tsallake shi. Akwai dokar kare bayanan mutane ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, da hukumarta NDPC a Abuja, kuma dokar ta ba mutum damar yace a daina amfani da bayanansa wajen turo masa talla, ko da a baya ya yarda. Ko babu doka ma amana ce. Wanda ya baka lambarsa don ka kira shi idan ɗinkinsa ya kammala bai ce ka miƙa ta ga wani ba. Saboda haka jerin da za ka yi aiki da shi na kwastomominka ne, waɗanda aka tambaya suka ce eh. Tambayar ba ta da wuya, lokacin biyan kuɗi yaron shago yace Hajiya idan sabbin kaya sun iso ko mun yi ragi mu aiko miki? In tace eh ya sa alama a gefen sunanta da kwanan wata, in tace a'a shikenan an bar ta. Masu yawo da filash suna cewa suna da lambobin mutum dubu kaza na sayarwa, ko jerin sunayen iyayen yara da aka kwaso daga wata makaranta, ni bana taɓa su kuma bana buga wa wanda ya kawo su.

Yanzu sai zaman Excel, kuma anan rabin aikin yake, in ma bai fi rabi ba. Layin farko na sama shine kan magana, kowane bayani da gidansa: lamba, laƙabi, suna, jinsi, waya, unguwa, kayan da ya saya, ranar sayen ƙarshe, harshe, lambar ragi. Mutum ɗaya layi ɗaya. Kar ka haɗa gidaje biyu su zama ɗaya don kwalliya, kar ka bar layi fanko a tsakiya, kar ka rubuta sharhi irin su ana binta bashi a gidan suna domin duk abinda ke cikin gidan nan haka zai fito a kan kati. Gidan laƙabi daban nake ware shi kullum saboda a wajenmu kiran babba da gundarin sunansa ba ladabi bane, akwai Hajiya da Alhaji da Malam da Malama da Madam da Mama da Fasto da Dakta, kuma mai shago ne ya san da wanne ake kiran kowa, ba kai mai dizayin ba. Ka zaunar da shi ku bi layi layi ko awa biyu za ta ci.

Lambar waya tana da tarko. Excel yana ɗaukar ta a matsayin lissafi sai ya cinye sifilin farko, 0803 ta koma 803, kuma a wasu lokutan doguwar lamba ta rikiɗe ta koma wani abu mai E a tsakiya. Kafin ka fara shigar da lambobi ka zaɓi gidan gaba ɗaya ka mayar da shi Text. Sannan tsafta. TRIM yana cire fili na banza da ake bari gaba ko bayan suna, PROPER yana gyara manya da ƙananan baƙaƙe yadda wanda aka rubuta duk da manya zai dawo daidai, Remove Duplicates da ke ƙarƙashin Data yana cire maimaici, amma ka sa ya duba ta lambar waya ba ta suna ba, domin Aisha Muhammad biyar za ka iya samu a littafi ɗaya kuma kowacce daban, sannan mutum ɗaya yau an rubuta shi Mohammed gobe Muhammad jibi Mamman. Yadda mutum yake rubuta sunansa haka za ka rubuta, in an yi kokwanto a duba alat ɗin da ya taɓa turowa ko a kira shi.

Akwai wata tambaya da nake yi wa duk mai kawo jeri kafin in taɓa dizayin: a cikin mutanen nan akwai wanda ya rasu? Na fara yin ta ne tun ranar da aka kai kati wani gida da sunan maigidan ana masa barka da Sallah alhali wata biyu da rasuwarsa, iyalinsa suka karɓa. Har yau abin yana damuna. Tsohon littafi dole a bi shi da wanda ya san mutanen, wanda ya rasu a cire, wadda ta tashi daga unguwa a gyara.

In jeri ya tsabtatu sai rabawa gida gida, domin sa suna kawai a kan saƙo iri ɗaya ba shine aikin ba. A na Hajiya kashi 3 muka yi. Waɗanda suka saya cikin wata 3 da suka wuce, su godiya ce da sanar da su sabbin kaya. Waɗanda suka yi wata 8 ko fiye ba a gansu ba, su ne ake ba ragi mai ɗan tsoka don su dawo. Sai masu sayen sari, teloli da masu haɗa lefe, su ba ruwansu da ragin turmi ɗaya, abinda suke so shine a ce musu ga ranar da kaya za su sauka ku zo ku fara zaɓa kafin kowa. Kashi 3 ko 4 ya isa, in ka wuce haka kai da kanka za ka rikice. Sort da Filter kawai za su yi maka rabon.

Tunda a Jos muke bari in tsaya a kan wani abu. Kar ka kalli suna ka yanke addinin mutum. Ɗanladi, Yakubu, Musa, Ladi, Hauwa, Maryamu, duk za ka same su a masallaci kuma za ka same su a coci, kuma aika wa mutum gaisuwar bikin da ba nasa ba yana nuna ba ka san shi ba ne, wanda shine ainihin abinda katin ya zo ya ƙaryata. Dokar ma ta sa addini cikin bayanai masu tsananin kariya, tare da lafiya da ƙabila. Ni bana buɗe gidan addini a jeri kwata kwata. Ranar saye nake bi, wanda littafi ya nuna kullum gab da Sallah yake zuwa a aika masa gab da Sallah, mai zuwa a Disamba a aika masa a ƙarshen Nuwamba, wanda ba a tabbatar ba a rubuta masa gaisuwa ta kowa, sabbin kaya sun iso, shikenan. Harshe ma haka, wasu Hausa za su fi jin daɗi wasu Turanci, a tambaye su a rubuta.

Rubutun saƙo kuma Hausa tana da abinda Turanci bai damu da shi ba, namiji da mace. Mun gode maka, mun gode miki, ka zo, ki zo. In ka rubuta maka ka zuba wa mata 150 ka ɓata aikin. Hanya biyu ce. Ko ka buɗe sabon gida a Excel ka sa masa =IF(D2="mace","miki","maka") ka ja shi har ƙasa, ka yi wani na ka da ki, sai su ma su zama abin zubawa kamar suna. Ko kuma ka bi hanyar da na fi so, ka yi amfani da ku da muku, mun gode muku, muna gayyatar ku, ya hau kowa kuma ya fi girmamawa musamman ga manya. Saƙon ya zama gajere, gaisuwa da suna, dalilin aikowa, abinda mutum zai samu, ranar da zai ƙare, da abinda zai yi wato ya zo da katin ko ya faɗi lambar da ke jiki. Abinda ba a bugawa: nawa mutum ya kashe, bashi, ko takamaiman abinda ya saya in abu ne na sirri. Kati yana faɗawa hannun miji ko kishiya ko yara, kar tallarka ta haɗa faɗa a gidan mutane. Masu kemis da asibiti su ma fi kowa kiyayewa, sunan magani ba ya hawa kati.

Dizayin yanzu. Girman A6 ya wadatar, milimita 105 da 148, guda 8 ke shiga takardar A3, kaga mutum 240 takarda 30 kenan. Amma in kala za ta kai har bakin kati sai ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, anan 8 ba za su shiga ba sai ka ɗan rage girman katin, ko ka bar farin gefe ka huta. Kala a CMYK, wato tsarin kalar da injin bugawa ke aiki da shi, kaifin hotuna 300 dpi, ba hoton da aka turo ta WhatsApp ya matse ba. Wurin suna ka auna shi da suna mafi tsawo a jerin, LEN na Excel mai ƙirga baƙaƙe zai nuna maka shi, in ya ɗauki Hajiya da suna mai gaɓa biyar da sunan mahaifi toh zai ɗauki kowa. Kuma shawarar da ta fi kowacce a wajena: duk abinda ke canzawa, suna da lambar ragi da saƙo, ka tara su a fuska ɗaya, bayan katin ya zama iri ɗaya ga kowa. In ka raba su gaba da baya, wajen juya takarda na hagu yana komawa dama, sai ka ga sunan wani a gaba lambar wani a baya kuma ba za ka gane ba sai an yanka.

Sai baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon haruffan kwalliya da ake saukewa kyauta basu da su, sai Ɗahiru ya fito da akwati a madadin harafin farko, ko alamar tambaya. Noto Sans yana da su, Charis SIL ma haka. Duk salon da ka zaɓa ka rubuta Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ɓ ɓ da shi ka gani da idonka kafin ka ci gaba. Wajen ajiye fayil ma suna lalacewa, in za ka fitar da jerin daga Excel a matsayin CSV ka zaɓi CSV UTF-8 ba CSV zalla ba, in kuma InDesign ne ya ƙi karantawa daidai ka ajiye a matsayin Unicode Text.

Zubawar kanta minti kaɗan ce. A Word ka shiga Mailings, Select Recipients, Use an Existing List, ka nuna masa fayil ɗin Excel, ka aje alamar rubutu inda suna zai zauna ka danna Insert Merge Field ka zaɓi laƙabi, ka bar fili ɗaya, ka zaɓi suna. Preview Results zai nuna maka mutum bayan mutum. In kati da yawa kake so a takarda ɗaya ta Labels za ka fara sannan Update Labels, in ba haka ba mutum ɗaya zai cika shafin. Ƙarshe Finish & Merge, Edit Individual Documents. A CorelDRAW da yawancinmu muke amfani da shi, File ne sai Print Merge, ka loda jerin, ka saka kowane gida a mazauninsa kan dizayin, ka gyara masa girma da kala da tsayuwa kamar kowane rubutu, sannan ka haɗa zuwa sabon fayil. A InDesign yana Window, Utilities, Data Merge, kuma shi har hoto yana canzawa, in ka fara sunan gidan da alamar @ ka rubuta sunan fayil ɗin hoton a ƙasa, mai sayen leshi ya ga leshi mai sayen shadda ya ga shadda. Excel zai yi gardama da @ ɗin, sai ka sa masa ' a gabanta. Ko wanne ka bi kar ka tura kai tsaye zuwa inji, ka fitar da PDF tukuna.

Lambar ragi kowa da tasa, gajera wadda za a iya faɗa a waya, kamar A017 ko B142, harafin farko ya nuna kashin da mutum yake. Kar ka sa O da 0 ko I da 1 a wuri ɗaya. In kana so ka ƙara QR mai buɗe WhatsApp ɗin shago, adireshin wa.me ne sai lambar ta fara da 234 ba tare da sifilin farko ba, kuma ka gwada shi da ƙaramar waya mai raunin kyamara, ba da babbar wayarka ba.

PDF ya fito, ka duba na farko da na ƙarshe da mai dogon suna da mai Ɗ da wanda gidan laƙabinsa fanko ne, ka ƙirga katunan su yi daidai da yawan mutane. Ka buga takarda ɗaya tak a kan ainihin katin da za a yi aikin, mai nauyin 250 ko 300 gsm, ka yanka, ka kai wa mai aiki ya karanta ya sa hannu a baya. Sannan a saki sauran. Yanayin garin nan yana taɓa takarda, da damina kati yana shan danshi ya lanƙwashe ya maƙale a inji, da hunturu kuma bushewa ke sa takardu su manne wa juna inji ya ja biyu lokaci ɗaya, kuma a wannan aikin takarda ɗaya ta lalace mutum 8 ne suka ɓace daga jerin ba wai fulaya 8 ba. Ka bar kati cikin ledarsa sai lokacin aiki, ka kaɗa shi sosai kafin ka zuba, in ta maƙale ka rubuta lambar shafin ka sake buga shi kaɗai. In aikin ya kai dubbai kamar na makaranta ko kamfani, ana buga kalar a ofset a bar wurin suna fari, in ta bushe sarai a bi da laser a zuba sunaye da baƙi, yafi sauƙin kuɗi nesa, sai dai laminashin sai a ƙarshe.

Tun kafin zubawa ka jera sunayen bisa unguwa, Rikkos a haɗe, Gangare a haɗe, Anguwar Rogo, Nasarawa, Dogon Dutse, Bukuru, kuma ka sa ƙaramar lamba a kusurwar kati. Bayan yanka tsarin yana wargajewa, da lambar nan za a sake tara su a ɗaure da roba unguwa unguwa. Rabawa kuma hanya mafi arha ita ce a saka kati cikin ledar kaya ko a miƙa hannu da hannu a shago, waɗanda suka daɗe basu zo ba kuwa yaron shago ya ɗauki keke ya bi unguwa ɗaya a rana. A ambulan mai sunan shago a fili, musamman na matan aure, kuma a yi sallama a ba wanda ya fito, kar a jefa ta ƙarƙashin ƙofa. Lokaci ma a duba, katin atamfa da ya isa saura kwana 5 Sallah ya makara domin teloli sun rufe karɓa, sati 3 zuwa 4 kafin nan ne daidai, na kayan makaranta kuma a watan Agusta kafin komawar Satumba.

A shago a aje takarda mai jerin lambobin kusa da aljihun kuɗi, duk wanda ya zo da kati a ja layi a rubuta nawa ya saya. Ni ina ba da shawara a ware mutum 20 ko 30 daga jerin kar a aika musu komai a wannan karon, domin gab da Sallah dama mutane suna zuwa, in waɗanda basu samu kati ba sun zo kamar waɗanda suka samu toh ba katin ne ya kawo su ba, sai a canza saƙo ko ragi a karo na gaba. Lissafin ba wuya, kuɗin bugawa da ambulan da keke da ragin da aka yi a gefe guda, ribar cinikin masu kati a ɗaya gefen. Wanda yace kar a sake aiko masa a rubuta a layinsa a Excel nan take.

Saura kai mai bugawa. Jerin nan ba naka bane, in an gama ka mayar wa mai shi fayil ɗin da aka gyara, ka goge na kwamfutarka da na filash da wanda aka turo ta WhatsApp, ka zubar da kwandon shara na kwamfutar ma. Takardun da suka lalace a inji masu ɗauke da sunaye kar a tara su cikin waɗanda ake ba masu awara da tsire, a sa su ƙarƙashin wuƙar yanka a yi musu gutsi gutsi kafin su bar shago.